Maɓallan jadawalin intanet: aikinsu da yadda ake daidaita su

Duk wanda ya taɓa riƙe kayen ƙungiya ya san nauyinsa. A cikinsa ne ake rubuta sunayen mambobi, da zubin da kowa ya yi, da hatsin da ya shiga bankin cimaka, da wanda ya fita bisa bashi. A yau ƙungiyoyi da ma'aikatu da dama suna maida wannan lissafi cikin kwamfuta ko salula, cikin jadawalin da ake buɗewa ta intanet. Da bik da magogi ake aiki cikin kaye. Cikin jadawalin intanet kuwa, da maɓallai ake aiki, wato ƴan wuraren nan masu ɗauke da suna ko zane da kuke dannawa da yatsa. Dannawa guda tana iya adana aikin yini, dannawa guda kuma tana iya ɓatar da shaidar bashin buhu goma. Don haka ya kamata ku san aikin kowane maɓalli, ku kuma san cewa ana iya canza sunansa, da wurinsa, da halinsa, domin ya dace da masu aiki da shi.

Mine ne jadawali mai gyaruwa?

Jadawali shi ne rubutun da aka tsara cikin gidaje. Layukan kwance suna ɗauke da mutane ko kaya ɗaya bayan ɗaya. Layukan tsaye suna ɗauke da irin bayanin: suna, gari, yawan tiya, ranar karɓa, ranar biya. Akwai jadawalin da karantawa kawai ake yi, kamar na farashin cimaka a kasuwanni. Akwai kuma wanda ake iya ƙara masa layi, a gyara, a cire. Shi ne jadawali mai gyaruwa.

Idan kuka zaɓi wani layi don gyarawa, sau da yawa wata takardar cikewa ce take bayyana bisa gilashi, mai gurabe da za ku cike, da maɓallai a ƙarƙashinta. Ku riƙe wannan da kyau: abin da kuka rubuta cikin guraben nan bai shiga lissafi ba tukuna. Ainihin lissafin yana cikin wata babbar kwamfuta mai ajiya, wadda take iya kasancewa a Yamai ko ma a wata ƙasa. Maɓallin adanawa ne yake ɗaukar rubutunku ya kai shi can ta intanet. Kafin ku danna shi, rubutunku kamar wasiƙa ce da aka rubuta amma ba a ba manzo ba.

Ba dukan jadawalai ne suke aiki haka ba. Google Sheets, alal misali, yana adana kowace gyara da kansa, ba shi da maɓallin adanawa da za ku jira. Wasu jadawalan suna barin ku ku yi gyara kai tsaye cikin gida guda, ba tare da takardar cikewa ta buɗe ba. Tun ranar farko ku tambayi wanda ya kawo maku aikin wane iri ne naku, don wanda ya saba da ɗaya yakan yi asara cikin ɗayan.

Asalinsu

Shafukan intanet da harshen tsari mai suna HTML ake gina su. Tim Berners-Lee, mutumin Ingila, shi ne ya ƙago wannan hanya tsakanin 1989 da 1991 a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba. A 1994 ya kafa W3C, ƙungiyar da ta daɗe tana tsara ƙa'idojin shafukan intanet. Cikin HTML maɓallin takardar cikewa iri uku ne. Na farko yana aika abin da aka rubuta. Na biyu yana maida dukan gurabe yadda suke tun farko, wato yana share abin da kuka rubuta yanzu. Na uku ba shi da aikin kansa, sai wanda mai ginin shafi ya ɗora masa.

Iri na biyun nan ya jawo ma mutane da yawa ɓacin rai. Mutum ya cike gurabe ashirin, yatsansa ya kauce, komi ya tafi. Yawancin masana tsarin shafi suna ba da shawara a cire shi gaba ɗaya, kuma shawara ce mai kyau. Idan kuka ga irinsa kusa da maɓallin adanawa cikin jadawalin ƙungiyarku, ku nemi a ɗauke shi.

Masu ginin shafi ba kasafai suke ƙera jadawali daga tushe ba. Suna ɗauko kayan aikin da aka riga aka shirya, kamar DataTables wanda Allan Jardine na ƙasar Sikotilan ya rubuta, da ɓangarensa na gyara mai suna Editor. Irin waɗannan kayan suna zuwa da maɓallansu da sunayen Ingilishi, amma an bar ƙofa buɗe: mai gini yana iya canza sunan kowane maɓalli, ya ƙara wani, ya rage wani, ya faɗi abin da zai faru idan an danna. Sau da yawa aikin bai wuce layukan rubutu kaɗan ba. Saboda haka idan aka ce maku "haka na'ura ta zo, ba a iya canzawa", ku nemi ƙarin bayani cikin ladabi. Wani lokaci gaskiya ne, idan manhajar ta wani kamfani ce da ya rufe ta. Amma idan don ƙungiyarku aka gina shafin, ana iyawa.

Sunan maɓalli

Nan ne mafi yawan matsala take, don haka za mu daɗe a kai.

A Nijar galibin jadawalan da za ku haɗu da su da Faransanci suke. Maɓallai biyar ne suka fi fitowa. Ajouter shi ne ƙara sabon layi. Modifier shi ne gyara layin da yake nan. Enregistrer shi ne adana abin da aka rubuta. Annuler shi ne fasa aikin da aka fara, a koma baya ba tare da an taɓa komi ba. Supprimer shi ne goge layin baki ɗaya. A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya sanya Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko ba don wannan ba, magatakardar gungun mata da ta koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci da Hausa ta koya, kuma da Hausa ya dace maɓallinta ya yi mata magana.

Sai dai juya sunan zuwa Hausa yana son hankali. Ku duba kalmar "soke". Mai fassara yana iya sa ta a madadin Annuler, tun da ana cewa an soke taro. Amma mai riƙe da kaye, idan ya ji "soke", layin da ake ja bisa sunan wanda ya fita daga ƙungiya yake gani. Kalma guda ke nan tana nufin abu biyu masu nisa da juna: ɗaya ba ya taɓa komi, ɗaya yana hallaka layi. Abin da ya fi shi ne a bar "soke" gaba ɗaya, a rubuta "Fasa" ga na farko, "Goge" ga na biyu. Babu mai jin Hausa da zai haɗa fasa da goge.

Haka nan "ajiye". Ana ajiye kuɗi a asusu, ana kuma ajiye aiki a tafi. Wanda ya gaji yana son barin aiki zai iya danna "Ajiye" da nufin ya bari, alhali ya aika rubutun da bai kammala ba. "Adana" ta fi tsayawa bisa ma'ana guda.

Akwai kuma sunayen da ba su faɗin komi, irin su "To" ko "E". Idan gilashi ya tambaye ku wata doguwar tambaya, ya ba ku "E" da "A'a", wajibi ne ku karanta tambayar duka, ku gane ta, kafin ku zaɓa. Sabon mai karatu yakan gaji a tsakiya. Amma idan maɓallin da kansa ya ce "Goge wannan layi", ɗayan kuma ya ce "Bar shi", to sunan ya wadatar ko da ba a karanta sauran ba. Ka'idar ita ce maɓalli ya faɗi aikin da zai yi da abin da zai yi ma aikin: "Ƙara mamba", "Adana biya", "Gyara yawan tiya". Kada ya wuce kalma biyu ko uku, domin gilashin salula ƙarami ne, kuma dogon suna yakan yanke a tsakiya. Kuma sunan da aka zaɓa ya zama shi ne a ko'ina. Idan shafi na farko ya ce "Adana", na biyu ya ce "Aika", na uku ya ce "Tabbatar", mai aiki zai ɗauka ayyuka uku ne daban.

Wata ƙaramar magana da ake mantawa ita ce ta haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Dukansu suna cikin Unicode, babban kundin haruffan duniya da kwamfutoci suke aiki da shi, kuma shafin da aka tsara da UTF-8 yana ɗaukar su. Idan kuka ga ɗan akwati ko alamar tambaya a wurin ƙ, to ko dai ba a tsara shafin daidai ba, ko salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ita. Wannan ma ana gyarawa. Kada ku yarda a ce a rubuta k kawai don sauƙi, domin "ƙara" daban, "kara" daban.

Zane da launi

Masu ginin shafi suna son sa ƙananan zane a madadin suna: fensir don gyara, kwandon shara don gogewa, alamar haɗawa don ƙari. Zane yana taimakon wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba, amma fa idan ya san abin da aka zana. Alamar adanawa da ta fi yaɗuwa hoton wani ɗan faifai ne mai kusurwa huɗu da ake sa ma kwamfutocin da. Kamfanin Sony ya daina ƙera shi a 2011, kuma mafi yawan masu riƙe da salula a yau ba su taɓa ganinsa da ido ba. Zanen abin da ba a sani ba bai fi baƙar kalma ba. Abin da ya dace shi ne zane da suna tare, zanen a gefe, sunan Hausa kusa da shi.

Game da launi, an saba sa ja ga maɓallin gogewa, kore ko shuɗi ga na adanawa, toka-toka ga na fasawa. Al'ada ce mai amfani. Amma akwai mutanen da idonsu ba ya bambance ja da kore, kuma sun fi yawa cikin maza. Ga kuma hasken rana, wanda yake dusashe launin gilashi idan ana aiki a fili ranar rabon hatsi. Shi ya sa ƙa'idojin W3C na sauƙaƙa shafi ga kowa suka hana a dogara ga launi shi kaɗai. Rubutun maɓalli ya fito sosai, baƙi bisa fari ko fari bisa launi mai duhu.

Girma da wuri

Yatsan manomi ba bakin allura ba ne. Kamfanin Google yana ba da shawarar kada wurin dannawa ya kasa kimanin milimita 9 a kowane gefe. Ƙa'idojin W3C na shekarar 2023 sun sa mafi ƙanƙanta ɗigo 24 a tsaye da 24 a kwance. Ku gwada da babban yatsa: idan yana rufe maɓalli biyu a lokaci guda, sun yi ƙanƙanta ko sun yi kusa.

Babu doka guda game da wanda zai zauna dama da wanda zai zauna hagu. A Windows an saba sa maɓallin amincewa a hagu, na fasawa a dama. A na'urorin Apple akasin haka ne. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai cikin dukan shafuka, domin hannu yana haddace wuri kafin ido ya karanta. Abin da ba a sassautawa shi ne maɓallin gogewa: a nisanta shi daga na adanawa, a kai shi wani gefe shi kaɗai.

Maɓallin gogewa

A ɗauka wani bankin cimaka ne a jahar Maraɗi ko ta Tawa. Lokacin bazara ya ba mambobi hatsi bashi, za su biya da kaka. Kowane bashi layi guda ne cikin jadawali. Cikin kaye, idan aka ja layi bisa suna, tsohon rubutun yana nan ƙarƙashi, kowa yana iya gani, ana iya tambaya wa ya ja shi da dalili. Cikin kwamfuta layin da aka goge ba ya barin tabo, kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Idan kuskure ne, ƙungiya ta yi asara. Idan da gangan ne, babu shaida. Ranar babban taro kuma magatakarda ne za a tuhuma, ko da ba shi ya danna ba.

Ƙa'idojin W3C na 2008 sun yi magana a kan wannan. Sun ce shafin da ake kuɗi a cikinsa, ko wanda ake iya canza ko goge bayanan da aka adana, ya kamata ya ba da aƙalla ɗaya cikin abu uku: a iya maido da abin da aka yi, ko a bincika kuskure kafin a karɓa, ko a nuna ma mutum abin da zai aika ya tabbatar. Ga lissafin ƙungiya, ɗaya ya yi kaɗan.

Ku nemi tambayar tabbatarwa ta ambaci sunan abin da za a goge. "Kun tabbata?" tambaya ce da ake amsawa ba tare da tunani ba. Tambayar da ta kawo sunan mamba, da garinsa, da yawan tiyar da ake bin sa, tana tsayar da hannu. Ku nemi kuma gogewar ta zama ɓoyewa: layin ya fita daga gani amma ya zauna cikin ajiya, tare da ranar da aka cire shi da sunan wanda ya cire, ta yadda za a iya maido shi. Masu ginin shafi sun san wannan dabara, ba baƙuwa ba ce a wurinsu. A nan sunan maɓalli ma sai ya bi gaskiyar aikinsa, ya zama "Kai ma'ajiya" ko "Rufe bashi".

Ba kowa ne ya kamata ya ga kowane maɓalli ba. Jadawali yana iya gane wanda ya shigo ta sunansa da kalmar sirrinsa. Magatakarda ya ga na ƙarawa da na gyarawa. Ma'aji ya ga na rubuta biya. Kwamitin sa ido ya ga lissafi duka ba tare da maɓallin canji ko ɗaya ba. Gogewa a bar ta ga mutum guda da taro ya amince da shi. Sai dai ku sani, ɓoye maɓalli daga gilashi bai isa ba. Wajibi ne babbar kwamfuta mai ajiya ita ma ta ƙi karɓar umurnin gogewa daga wanda ba a ba izini ba. Ku yi ma mai gini wannan tambaya da bakinku. Tsarin nan duka yana rushewa idan mutum uku suna shiga da suna guda da kalmar sirri guda, abin da yake faruwa da yawa inda salula ɗaya ce ga kwamiti duka. Ko da salula guda ce, kowa ya shiga da nasa sunan, ya fita idan ya gama.

Idan rezo ya yi rauni

Kun danna "Adana", babu abin da ya motsa. Kun sake dannawa, kun sake. Bayan ɗan lokaci rezo ya dawo, sai ga layi uku iri ɗaya: mamba guda, an rubuta masa bashi sau uku. Laifin ba naku ba ne, na maɓallin da bai nuna cewa ya ji ba ne. Maɓalli mai kyau yakan dushe da zarar an danna shi, ya ƙi karɓar dannawa ta biyu, ya rubuta "Ana adanawa", sannan ya kawo amsa a fili: "An adana", ko "Ba a adana ba, ku sake gwadawa". Idan bai yi nasara ba, rubutunku ya tsaya cikin gurabe kada ya ɓace. Kafin a yi maku wannan gyara, ku riƙa danna sau ɗaya, ku jira, sannan ku duba jadawali ku ga ko layin ya shiga.

Inda rezo yake wuya ƙwarai, ma'aikatu da dama suna aiki da ODK ko KoboToolbox, waɗanda suke barin a cike takarda cikin salula ba tare da intanet ba, a aika daga baya. A can adanawa daban, aikawa daban. Takardar da kuka adana tana cikin salularku ne kawai har sai ta tafi. Idan salula ta ɓace ko ta lalace kafin nan, aikin ya tafi da ita.

Dala da tamma, tiya da buhu

Mu da dala muke lissafi, kwamfuta kuwa galibi da tamma aka tsara ta. Dala guda tamma 5 ce, jika guda dala 200 ce, wato tamma 1000. Wanda ya karɓi jika guda, idan ya rubuta 200 cikin gurbin da yake jiran tamma, ya rage kuɗin ƙungiya sau biyar ba tare da ya sani ba. Haka tiya da buhu: buhun hatsi mai kilo 100 ana lissafa shi kimanin tiya 40, kuma rubuta 2 cikin gurbin da ba nasa ba yana maida tiya biyu buhu biyu. Maɓallin adanawa yana iya tsare wannan. Ana iya tsara shi ya nuna jimlar da ma'auninta kafin ya aika, kamar "tamma 1000, wato dala 200", ko ya ƙi karɓar adadin da ya wuce iyakar da ƙungiya ta sa ma bashin mutum guda.

Kafin ku karɓi jadawali

Kada a yi gwaji da lissafin gaskiya. Ku nemi a ba ku jadawalin gwaji mai sunayen wasa. Ku zaunar da mambobi uku ko huɗu, har da wanda karatunsa ya fi rauni, ku ba kowa salular da za a yi aiki da ita, ba babbar kwamfutar biro ba. Ku ce ya ƙara mamba, ya gyara yawan tiya, ya fara gyara ya fasa, ya cire layi ya maido shi. Kada ku nuna masa, ku yi shiru ku duba inda yatsansa yake tsayawa da inda yake kuskure. Ku rubuta kowane wuri cikin kaye da sunan maɓallin, da abin da mutumin ya zata zai yi. Wannan takarda ita za ku miƙa ma mai ginin shafi, ku sa rana, ku sake gwaji da mutanen nan bayan ya gyara. Kayen takarda kuwa ku ci gaba da cike shi tare da jadawali har kaka guda ta wuce, ku gwama jimlar biyun a ƙarshen kowane wata a gaban kwamitin sa ido.